Auren lokacin kulle: Yadda annobar korona ta sauya ɗaukar hoton biki a birnin Katsina

A ƙasar Hausa, Sha'aban wata ne na aurarraki. Iyaye kan so su sauke nauyin 'ya'yansu kafin azumi ya kama, ango kuma yana son Ramadan ya same shi da iyalinsa a ɗaki. Shi ya sa a birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, da wuya Juma'a ko Asabar ta wuce a wannan wata ba a ga rumfa a ƙofar wani gida ba, ga kujeru jere, ga mai hoto rataye da kyamara yana kai-kawo tsakanin jama'a.

A shekarar 2020, Sha'aban na 1441 ya faɗo ne daga ƙarshen Maris zuwa 23 ga Afrilu, wato daidai makonnin da gwamnatoci suka fara rufe garuruwa saboda annobar korona. Gidajen da suka sa rana tun watanni da suka gabata, suka kammala lefe, suka raba katin gayyata, sai suka wayi gari da zaɓi biyu: ko su ɗage auren zuwa ranar da babu wanda ya san zuwanta, ko su ɗaura shi da mutane kaɗan. Waɗanda suka zaɓi na biyun sun yi bikin da yawancin danginsu ba su halarta ba, kuma abin da dangin suka gani na wannan rana bai wuce abin da kyamara ta kama ba. Wannan ne ya ɗora wa mai hoto nauyin da bai saba ɗauka ba, a daidai lokacin da sana'arsa ke neman durƙushewa.

Yadda dokar ta iso Katsina

An tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Legas da Ogun da Abuja.

Gwamnatin Aminu Bello Masari ba ta jira cutar ta iso ba. Tun a ƙarshen Maris ta rufe iyakokin jihar, ta dakatar da manyan taruka har da sallar Juma'a, ta kuma umarci ma'aikata su zauna a gida. Ranar 7 ga Afrilu gwamnan ya sanar da cewa gwaji ya tabbatar da cutar a jikin wani likita da ya rasu a Daura. Bayan 'yan kwanaki aka rufe Daura, sai Dutsin-Ma, kuma kafin Afrilu ya fita dokar zaman gida ta hau kan birnin Katsina kansa.

Daga ranar 4 ga Mayu aka ƙara da dokokin Gwamnatin Tarayya da suka shafi ƙasa baki ɗaya: hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, hana zirga-zirga tsakanin jihohi, da wajabta sanya takunkumi a bainar jama'a. Ba a janye dokar tafiya tsakanin jihohi ba sai ranar 1 ga Yuli. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan dokoki ta taɓa wani sashe na biki. Hana taro ya rage mahalarta ɗaurin aure, hana tafiya ya tsare dangin Kano da Kaduna da Abuja a inda suke, hana fitar dare kuma ya tilasta a kai amarya da rana ko kafin magariba, alhali an saba kai ta da dare.

Abin da aure ke buƙata da abin da al'ada ta ƙara

Dalilin da ya sa aure bai tsaya cak ba shi ne, abin da shari'a ta gindaya domin ya ƙullu ba shi da yawa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a Katsina, ana buƙatar waliyyi, da sadaki, da siga ta nema da bayarwa, da shaidu biyu adalai. Mutum goma a cikin zaure sun isa su cika waɗannan, har a yi addu'a a raba goro da dabino.

Sauran abubuwan al'ada ce ta jera su: kai lefe, kamu, sa lalle, yinin biki, kai amarya, buɗar kai, sai kuma dina da walimar zamani a ɗakunan taro. Kusan kowane mataki yana da nasa anko, da nasa kwalliya, da nasa taron, kuma a kan waɗannan ne sana'o'i da dama suke ci. Tela da mai lalle da mai kwalliya da mai hayar kujeru da mai girki da maroƙi da mai kiɗa, duk daga biki suke samun na cefane. Da dokar kulle ta zo, aure ya koma kan ginshiƙansa na asali, waɗannan masu sana'a kuwa suka koma gida.

Mai hoto ya bambanta da su ta fuska ɗaya. Bikin mutum goma ba ya buƙatar kujeru ɗari uku, ba ya buƙatar maroƙi, amma yana buƙatar shaidar da za a nuna wa waɗanda ba su zo ba. Ƙarancin mahalarta ƙara wa hoto daraja ya yi, ko da yake bai ƙara wa mai ɗaukarsa kuɗi ba.

Sana'ar da ta dogara da yawan jama'a

Domin a fahimci asarar, sai an san yadda mai hoton biki yake samun kuɗinsa. Hanya ta farko ita ce jinga: a yi ciniki da iyayen amarya ko ango a kan kwanakin da zai yi aiki, da yawan hotunan da zai wanke, da albam, da bidiyo idan ana so. Hanya ta biyu ita ce kayan da ake bugawa domin rabawa, kamar kalanda da sitika da 'yan littattafan rubutu masu ɗauke da hoton ango da amarya, da kuma babban firam da za a rataya a falo. Hanya ta uku, wadda ƙananan masu hoto suka fi dogara da ita, ita ce hoton nan-take: mutum ya shiga taro ko ba a gayyace shi ba, ya ɗauki mahalarta, ya garzaya ya wanke, ya dawo ya baza hotunan a ƙofar wurin, kowa ya ga nasa ya saya.

Dokar hana taro ta kashe hanya ta uku baki ɗaya, domin babu jama'ar da za a sayar wa. Ta raunana ta biyu, domin babu wanda zai buga kalanda ɗari biyar alhali mutum ashirin ne za su zo. Ta farko kuma ta tsuke, daga aikin kwana uku ko huɗu zuwa na sa'a biyu.

A lokaci guda kayan aiki suka yi tsada. Takardar wanke hoto da tawada da batir da memori da kyamarar kanta duk daga waje ake shigo da su, farashinsu kuma yana bin Dala. A watan Maris na 2020 Babban Bankin Najeriya ya matsar da farashin Dala na hukuma daga Naira 306 zuwa 360, a watan Agusta ya kai wajen 380, a kasuwar bayan fage kuwa ya zarce haka nesa. Harajin kayan masarufi ya riga ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100 tun ranar 1 ga Fabrairu. Tattalin arzikin ƙasar ya ja baya da kashi 6.10 cikin 100 a rubu'i na biyu na shekarar, da kashi 3.62 a rubu'i na uku, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 15.75 a Disamba. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ke aurar da 'yarsa a irin wannan hali, kuɗin hoto yana cikin abin da zai fara ragewa.

Gwamnatin Tarayya ta fito da tallafi, ciki har da bashin Naira biliyan 50 na Babban Banki ta hannun bankin NIRSAL, da asusun Naira biliyan 75 na ceto ƙananan sana'o'i, wanda ya tanadi Naira 30,000 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu. Irin wannan kuɗi na iya rufe bakin tukunya na ɗan lokaci, amma ba ya maye gurbin kakar biki guda da ta wuce.

Ɗauka daga nesa

Wanda ya samu aiki a waɗannan watanni sai ya sake koyon sana'arsa. Ƙa'idar lafiya ta ce a bar tazarar kusan mita biyu tsakanin mutane, alhali mai hoton biki ya saba kutsawa cikin taro, ya gyara wa ango hula, ya juya kafaɗar wannan, ya matso da wancan. Maganin tazara yana cikin gilashin da ake ɗaura wa kyamara. Gilashi mai faɗin gani, kamar mai milimita 24 ko 35, yana tilasta mai ɗauka ya matso kusa kafin fuska ta cika hoto. Mai milimita 85, ko mai zuƙowa daga 70 zuwa 200, yana ba shi damar tsayawa mita uku ko fiye ya samu hoto daga kai zuwa ƙirji. Ƙari a kan haka, irin wannan gilashi ba ya kumbura hanci da goshi kamar yadda mai faɗin gani yake yi idan an matso, kuma yana dusashe abin da ke bayan mutum, ta yadda igiyar shanya ko randar da ke gefe ba za su ɗauke hankalin mai kallo ba.

Tsarin gidan Bahaushe ya taimaka. Cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri mai cunkoso da ƙarancin iska, tsakar gida kuwa a buɗe take. Sai dai hasken tsakar gida yana da nasa sharaɗi. A watan Afrilu da Mayu rana a Katsina takan tsaya kusan tsakiyar kai da azahar, ta jefa inuwa mai duhu a ƙarƙashin ido da hanci, ta sa mutane runtse ido. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi ko bayan la'asar, sa'ad da hasken ya kwanta ya yi laushi. Idan dole ne a ɗauka da tsakar rana, sai a nemi inuwar katanga ko bakin zaure, inda mutum yake cikin inuwa amma fuskarsa tana kallon haske. Inuwar bedi, wato darbejiya, tana da daɗin zama, amma hasken da ke ratsa ganyenta yakan bar ɗigo-ɗigo a fuska, don haka sai an lura.

Akwai kuma tsohuwar matsalar farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara idan ya ga babbar riga fara ƙal yakan ɗauka haske ya yi yawa, sai ya rage, fuskar mai rigar ta fito da duhu. Gwani yakan auna hasken a kan fuska, ko ya ƙara shi kaɗan da hannunsa, ko ya sa a riƙe farin zane ko faffaɗan tire daga gefe domin ya mayar da haske kan fuskar. A babban ɗakin taro fitilun wuri da walƙiyar kyamara sukan rufe wannan aibi. A tsakar gida babu abin da zai rufe shi sai iyawa.

Takunkumi ya kawo tasa tambayar. Babu amaryar da za ta so ta sha kwalliya sannan a rufe rabin fuskarta, kuma babu amfanin a yi kamar annobar ba ta faru ba. Hanya mafi dacewa ita ce mai hoto ya bar nasa a fuska tun daga shigarsa har fitarsa, a jera mutane gida-gida, waɗanda suke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya su cire nasu na ɗan lokaci, sannan a ɗauki hoto ɗaya ko biyu kowa da takunkuminsa domin tarihi. Al'adar da ta fi wuyar bari ita ce ta taruwa a bayan mai hoto, kai da kai, kowa yana son ya leƙa allon kyamara ya ga yadda ya fito.

Bayan ƙofar da aka rubuta "Ba a shiga"

Da biki ya bar ɗakin taro ya koma cikin gida, sai ya koma ƙarƙashin dokar gida. A gidaje da yawa na cikin birni, namijin da ba muharrami ba iyakarsa zaure, kuma a wasu ƙofofin ma an rubuta haka ɓaro-ɓaro. Ɗaurin aure na maza ne, ana yin sa a zaure ko ƙofar gida ko masallaci, mai hoto namiji yana iya halarta. Amma sa lalle, da nasihar iyaye mata, da kukan rabuwa, da lulluɓe amarya za a fita da ita, duk a ciki suke faruwa.

Wannan ya buɗe ƙofa ga mutum biyu. Ta farko ita ce mace mai sana'ar hoto, wadda za ta shiga har ɗakin uwar amarya ba tare da kowa ya nemi mayafi ba. Na biyu shi ne ɗan gida ko 'yar gida mai babbar waya, ƙanwar amarya ko ƙawarta, wadda ba ta karɓar ko sisi kuma tana nan a lokacin da abin ke faruwa. Waya ba ta kai kyamara ba a wurin da haske ya yi ƙaranci, amma a tsakar gida da rana tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa ga idon mai kallo. Mai sana'a ya gane cewa abin da yake sayarwa yanzu shi ne sanin inda zai tsaya, da lokacin da zai danna, da yadda zai tsara hotunan su ba da labarin ranar daga farko zuwa ƙarshe.

Shiga cikin gida amana ce. Hoton da aka ɗauka a ɗakin taro, kowa ya shirya a gan shi. Wanda aka ɗauka a tsakar gida yana iya nuna mace ba lulluɓi, ko tsohuwa a kan tabarmarta, ko yanayin gidan da masu shi ba su so duniya ta gani. Mai hoton da kasuwarsa ta mutu yana da kwaɗayin ya ɗora aikinsa a Instagram ko Facebook domin neman sababbin masu ciniki, kuma a nan ake samun saɓani. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu. Ƙa'idar kare bayanai da hukumar NITDA ta fitar a 2019 ta lissafa hoto cikin bayanan mutum, kuma a 2023 aka kafa cikakkiyar doka a kan kare bayanai. Kafin a je ga doka ma, abin da ya fi sauƙi shi ne a yi magana tun wurin ciniki: waɗanne hotuna ne za a iya wallafawa, waɗanne ne na iyali kaɗai, kuma har yaushe mai hoto zai riƙe kwafi a kwamfutarsa.

Hoto a madadin ƙafa

Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. A 2020 ƙafar ce aka ɗaure. Katsina gari ne da danginsa suka bazu, kuma mafi kusa daga cikinsu suna Maraɗi, wadda tarihin sarauta da auratayya da kasuwanci suka haɗa ta da Katsina tun ƙarni na 19. Najeriya ta riga ta rufe iyakokinta na ƙasa tun watan Agustan 2019, Nijar ma ta rufe nata a watan Maris na 2020 saboda annobar. Gwaggon da ke Maraɗi, wadda a da za ta biyo ta Jibiya ta iso da hantsi, ba ta da hanyar zuwa. Na ƙasashen waje ma haka, domin an rufe filayen jiragen sama ga jiragen ƙasa da ƙasa daga ranar 23 ga Maris, ba a buɗe ba sai 5 ga Satumba. A cikin jihar kanta, matsalar 'yan bindiga a yankunan Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari ta sa tafiya daga ƙauye zuwa birni ta zama abin da ake yi da fargaba.

Waya ce ta cike giɓin gwargwadon iyawarta. A ƙarshen Afrilun 2020 manhajar WhatsApp ta ƙara yawan waɗanda za su iya haɗuwa a kiran bidiyo daga mutum 4 zuwa 8, kuma zaurukan dangi a manhajar suka zama wurin da ake kai hoton amarya tun lallenta bai gama bushewa ba. Wannan ya sauya abin da ake nema daga mai hoto. A da yana da mako biyu ko uku ya kawo albam. Yanzu ana son hotuna goma ko ashirin a waya kafin dare, domin 'yan uwa suna jira.

Saurin yana da farashi. WhatsApp yana matse hoto domin ya rage cin data, kuma hoton da aka matse yana kyau a allon waya amma yakan farfashe idan aka zo buga shi babba. Wanda yake son ainihin hoton sai ya nemi a turo masa a matsayin fayil, ko a zuba masa a memori ko filash. Iyalan da suka wadatu da abin da aka turo a zaure, su ne daga baya suke zuwa wurin mai wanki da hoton da ba zai yi firam ba.

Suna, Sallah da fuskokin tsofaffi

Ba aure kaɗai ya tsuke ba. Haihuwa ba ta jiran doka, kuma ranar bakwai ana raɗa suna ko da mutum biyar ne, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Taron mata na yinin suna shi ne ya ragu, hoton jariri a hannun kakarsa ya zama shi ne barkar da ake aikawa. Ƙaramar Sallah ta faɗo ranar 24 ga Mayu, Babbar Sallah ranar 31 ga Yuli, kuma ba a yi hawan da aka saba ba, wanda yake tara dawaki da 'yan kallo da masu hoto a Ƙofar Soro. Maniyyata ma ba su tafi ba, domin Saudiyya ta taƙaita aikin Hajjin shekarar ga mazauna ƙasarta. Yara dai sun sa sababbin kaya, kuma a ƙofar gida ko tsakar gida aka ɗauke su.

Abin da ya fi nauyi shi ne batun tsofaffi. Su cutar ta fi yi wa illa, don haka su aka fi ɓoyewa daga baƙi, kuma su ne waɗanda hotonsu ya fi wuyar maimaitawa. A babban biki, kaka takan ɓace a cikin ɗaruruwan fuskoki, mai hoto yana can yana bin ƙawayen amarya da masu liƙi. A bikin mutum goma sha biyar babu inda za ta ɓace. Akwai lokacin da za a zaunar da ita a inuwa, a ɗauke ta ita kaɗai, a ɗauke ta da jikarta. A gidajen da aka yi rashi a wannan shekara ko bayanta, irin wannan hoto shi ne na ƙarshe, kuma babu kuɗin da zai sake samar da shi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Katsina ba ita kaɗai ta ga wannan sauyi ba. A Ingila an ƙayyade mahalarta aure zuwa mutum 30 daga ranar 4 ga Yuli, 2020, aka rage zuwa 15 a ƙarshen Satumba. Jikar Sarauniya Elizabeth, Gimbiya Beatrice, an ɗaura mata aure ranar 17 ga Yuli a gaban mutane ƙalilan, duniya kuma ba ta ga bikin ba sai ta 'yan hotunan da fadar ta fitar. A garin Needham na jihar Massachusetts a Amurka, tun a watan Maris wasu mata suka fara ɗaukar iyalai a ƙofar gidajensu daga nesa, abin ya bazu zuwa garuruwa da dama. Gidan adana hotunan mutane na ƙasa da ke Landan ya nemi jama'a su aiko da hotunan rayuwarsu a lokacin kulle, aka samu fiye da 31,000, aka zaɓi 100 aka baje kolinsu.

Darajar irin waɗannan hotuna takan bayyana ne bayan shekaru. Malick Sidibé na Bamako ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana bin bukukuwan aure da na suna da raye-rayen matasa domin neman abinci, amma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Venice, domin hotunansa sun zama tarihin Mali. A Katsina, ana da hotunan Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, har da na tafiyarsa Ingila da Makka a 1921. Amma murar da ta game duniya a 1918, wadda masana tarihi suka ƙiyasta ta kashe kusan mutum 500,000 a Najeriya, ta zo ne a zamanin da kyamara ba ta shiga gidan talaka ba. Annobar 2020 ita ce ta farko irinta da iyalan Katsina suka ɗauka da hannunsu.

Abin da ya rage a hannu

Rigakafin farko, kusan miliyan 4, ya iso Najeriya ranar 2 ga Maris, 2021, kuma ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin gaggawa da ta ɗora wa cutar. Ɗakunan taro sun sake cika, anko da dina sun dawo. Duk da haka shekarar ta nuna wa magidanta cewa aure yana ƙulluwa lafiya ba tare da an ci bashi ba, ta kuma nuna wa masu hoto cewa akwai kasuwa a ƙaramin biki ga wanda ya iya tsara farashinsa bisa sa'o'in aiki da ingancinsa, ba bisa yawan jama'a ba.

Haɗarin da ke akwai yanzu shi ne ɓacewa. Yawancin hotunan wannan shekara ba a wanke su ba. Suna cikin wayoyin da aka riga aka sayar, ko suka faɗa ruwa, ko aka sace, da memorin da aka goge domin a samu wuri, da kwamfutocin masu hoton da wasunsu sun bar sana'ar. Iyalin da suka yi aure ko suna a 2020 suna da abin yi tun kafin lokaci ya ƙure: su tuntuɓi wanda ya ɗauka su karɓi ainihin hotunan, su ajiye kwafi a wuri biyu ko uku daban-daban, ɗaya daga ciki a intanet, sannan su zaɓi ashirin ko talatin a wanke su a takarda mai kyau. A ajiye albam ɗin nesa da rana da laima da gara. A bayan kowane hoto a rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda ke ciki da fensir, domin tawadar biro takan ratsa takarda.

'Ya'yan da aka haifa daga waɗannan aurarraki suna tasowa, kuma wata rana za su tambayi dalilin da ya sa mutane ba su da yawa a hoton auren iyayensu, da dalilin da ya sa liman ya rufe bakinsa da ƙyalle. Amsar tana cikin hotunan, matuƙar an adana su.